Fis ya sake ƙonewa: a ɗaura waya ko a tuge akwatin?

A zauren gidanmu na gado, a cikin birnin Kano, a da akwai wani allon katako da aka kafe a bango tun kafin in yi wayo. Can sama yake, inda hannun yaro ba ya kaiwa. A jikinsa akwai mita, akwai kat-awut na kamfanin wuta, sai wani ɗan akwatin ƙarfe mai murfi da fis huɗu na tangaran jere a ciki kamar haƙoran gaba. Mitar an sauya ta, mai faifai ta tafi, mai kati ta zo. Zauren ma ya sha fenti ba sau ɗaya ba. Akwatin nan kuwa yana nan yadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sa aka kafa shi a farkon shekarun 1970, lokacin da abin da ke cin wuta a gidan bai wuce 'yan ƙwayayen fitila da fanka ɗaya da rediyo ba.

Wani azumi da ya faɗo tsakiyar bazara, fis ɗin da ke riƙe da soket-soket na cikin gida ya ƙone sau uku a dare ɗaya. In aka duba abin da aka ɗora masa ba za a yi mamaki ba: firji biyu, ɗaya na ƙanƙarar sayarwa, ga hita a bokiti, ga dutsen guga, ga injin jan ruwa, duk a lokaci guda, domin an kawo wuta ne bayan kwana biyu babu, kowa na sauri ya gama nasa kafin a ɗauke. A karo na uku sai ɗan yayana, yaro mai hannu da son taimako, ya samo guntuwar wayar wayarin, ya fere rigarta, ya ɗaura jan ƙarfen a gurbin siririyar da ta narke. Wuta ta zauna daram. Aka yi ta sa masa albarka.

Bayan mako biyu, Hajiyarmu ta fito alwalar asuba ta ji ƙauri daga zaure, irin na roba in ta sha zafi. Da aka zare kat-awut aka buɗe murfin, sai ga bayan akwatin ya yi baƙi, katakon ya fara komawa gawayi, rigar wayar da ke fita daga fis ɗin ta narke ta manne da maƙwabciyarta. Allah ne ya tsare. Daga ranar muka shiga muhawarar da ta ci mana wata guda. Yaya yana cewa a gyara abin da ya lalace a bar akwatin Baba a wurinsa, ni ina cewa a tuge shi ɗungurungum a sa na zamani. Irin allon nan yana nan a gidaje da yawa a Fagge da Tudun Wadar Zariya da tsofaffin unguwannin Kaduna da Jos, a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa da rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi na zamanin Shagari. Muhawararmu ta su ce duka.

Fis an yi shi ne don ya mutu

Duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana ɗumi. Zafin kuma ba a hankali yake hawa ba: in wutar da ake ja ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Wayar da ke binne a bango ko ke kwance a cikin silin ba mai ganinta, ba mai taɓa ta ya ji ta yi zafi. Shi ya sa aka yi dabarar sa wata siririyar waya a bakin kowane layi, da gangan, ta zama ita ce mafi rauni, yadda in kaya ya yi yawa ita za ta riga narkewa ta yanke hanya. Thomas Edison ya yi rajistar wannan dabara a Amurka a 1890, kuma har yau aikinta bai canza ba. In fis ya ƙone, aikinsa ya yi. Mu ne muke kallon ƙonewar tasa a matsayin lalacewa.

Tsarin wutar gidajenmu daga Ingila muka gaje shi, daga bolt 230 har soket mai baki uku. Fis na tangaran da ake ɗaura wa waya ma nasu ne, kuma kowanne da ma'auninsa. Wayar fis mai ɗaukar amp 5, ta layin fitilu, kaurinta milimita 0.2 ne, kusan silin gashi. Ta amp 15 milimita 0.5 ce, ta amp 30 kuma milimita 0.85. A akwatunan kamfanin Wylex har ɗigon launi ake yi wa kowane fis don kada a rikice: fari na amp 5, shuɗi na 15, ja na 30.

To, wayar da ɗan yayana ya ɗaura irin wadda masu wayarin ke kira 2.5 ce, wadda kaurin jan ƙarfenta ya kusa milimita 1.8. Ta fi wayar fis ta amp 60 kauri. Ma'ana, mai gadin ya zama daidai ƙarfi da abin da yake gadi. Daga lokacin babu sauran fis a layin, sai dai suna. Amma rauni ba ya ɓacewa daga layi, wuri yake sauyawa. Yana komawa kan sukurun da ya saki, ko haɗin da wani ya murɗa a cikin silin shekaru ashirin da suka wuce ya naɗe da salatif, ko bayan soket da ke jingine da katifa. Mu namu ya koma bakin akwatin ne, a zaure, inda hancin Hajiya ya kai. Da a cikin rufin ɗaki ya koma, da labarin ya bambanta.

Ko da wayar da ta dace aka sa, irin wannan fis yana da nawa. Ba ya narkewa da zarar an wuce lambar da aka rubuta masa, sai wutar ta kusa ninka ta. Fis na amp 30 zai iya daɗewa yana wuce da amp 45 bai ce uffan ba, wayar bango na ta gasuwa. Saboda haka ne ƙa'idar wayarin ta Ingila ta ce duk layin da irin wannan fis ke gadi a ba shi waya mai kauri fiye da wadda za a ba layin da ke da bireka. Mai wayarin na da ya san wannan. Wanda ya zo daga baya ya ja layi zuwa sabon ɗaki da siririyar wayar da kuɗin mai gida suka iya saya, shi ba ruwansa.

Gida ya girma, waya tana nan yadda take

An kafa hukumar wuta ta ECN, ta fara aiki a 1951, aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka haɗa ECN da hukumar madatsun ruwa a 1972 aka sami NEPA. Ta koma PHCN a 2005, daga watan Nuwamban 2013 kuma aka fara miƙa rabon wuta ga kamfanoni goma sha ɗaya, irin su KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa. Suna ya sauya sau nawa, mu dai har gobe NEPA muke cewa. Duk wannan sauyi a bakin mita ya tsaya. Abin da ke bayan mita na mai gida ne, kuma a gidaje da yawa ba wanda ya sake duba shi tun ranar da aka fara kunna fitila aka yi walima.

A yi lissafi mai sauƙi. Butar dafa ruwa mai wat 2,000 tana jan kusan amp 9. Hitar bokiti mai wat 1,500 tana jan amp 6 da rabi. Dutsen guga mai wat 1,200 ya ɗan haura amp 5. Na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya tana jan biyar zuwa shida, injin rijiyar burtsatse ma ba ya nisa da haka, kuma duk abin da ke da mota a cikinsa, har firji, yana fizgar ninkin-ba-ninkin abin da ya saba ja a daidai lokacin tashi. Tara su ka gani. Layin da aka shirya wa rediyo da fanka yau shi ke ɗauke da amp talatin a daren da aka kawo wuta.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, wanda littafin Ingila bai yi da mu ba sai an karanta shi da lura. Jadawalin da ke faɗin yawan wutar da kowace waya za ta iya ɗauka an gina shi ne a kan zafin digiri 30. In zafin wurin ya kai 45, wayar mai rigar roba tana rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinta. Duk wanda ya taɓa leƙa tsakanin silin da kwano a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu ya san 45 wasa ne a wurin. Ga ɓeraye masu gwaguyar riga. Ga wuta marar ƙarfi da ke zuwa da yamma, wadda ke sa injin ruwa da firji su yi ta gurnani suna jan fiye da ƙa'ida. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A bisa alkawarin awa 20 a rana, unguwannin da suka dace da wannan rabo sun ƙara wa tsofaffin wayoyinsu wani nauyin: da suna hutawa dole in an ɗauke, yanzu hutun ya ragu.

Hujjar Yaya

Ban yi wa Yaya adalci ba a farkon muhawarar, sai daga baya na gane maganarsa tana da tushe. Abin da yake faɗi shi ne da tsohuwar zuma ake magani. Fis ba shi da wani ƙarfe mai motsi da zai cije, ba shi da abin da tsatsa ko ƙurar hunturu za ta hana shi aiki. In wayar da ta dace ce a ciki, ko ta shekara arba'in za ta narke ranar da ya kamata. Wayoyin da Baba ya saya jan ƙarfe ne na gaske, cikakken kauri, ba irin wasu na kasuwar yau ba da ake rubuta wa 2.5 alhali ba su kai ba, ko a shafa wa alminiyam ruwan jan ƙarfe. Kuma duniya ba ta bar fis ba. Kat-awut ɗin kamfanin wuta fis ne. Filogi mai ƙafa uku da Ingila ta fito da shi a 1947 yana da ɗan fis a cikinsa, mafi girmansa amp 13. Motar da kake hawa cike take da su.

Saboda haka gyara yana da wurinsa, in gyaran gaskiya ne. Ƙaramin gida ko shago da bai wuce fitilu da fanka da cajin waya ba, wanda aka auna wayoyinsa aka same su lafiya, ba dole ba ne a tuge masa akwati yau. Gyaran gaskiya shi ne a sa wa kowane fis wayar ma'auninsa, a ajiye ragowarta a maƙale kusa da akwatin, a ɗaure duk sukurun da ya saki, a sauya tangaran da ya tsage ko ya yi baƙi, a raba akwatin da katako, a kuma cire manyan kaya irin hita da injin ruwa daga layin jama'a a ja musu nasu. Wasu akwatunan, musamman na Wylex, har ana samun 'yan bireka da ake cusawa a gurbin fis ɗin ba tare da an taɓa akwatin ba. In an ga wani farin ƙyalle mai kama da auduga a cikin gurbin tsohon fis, kada a kankare shi kada a hura: a wasu tsofaffin akwatuna asbestos ne, ƙurarsa kuwa tana illata huhu.

Inda na rabu da Yaya shi ne a kan ɗan Adam. Gyaran nan duka ya rataya ne a kan cewa duk wanda zai buɗe akwatin nan gaba, da ƙarfe biyun dare, cikin duhu da zufa da kukan jariri, zai yi haƙuri ya nemo siririyar waya ya kuma kashe hita. Ba kowane shagon kayan wuta ne ma ke ajiye wayar fis yanzu ba. Gidan da mutum goma sha biyar ke kwana a cikinsa, wata rana sai an sami mai son taimako.

Abin da fis ba zai taɓa yi ba

Ƙaramin bireka irin na gida wani Bajamushe ne, Hugo Stotz, ya yi rajistarsa a 1924. Yana da hanya biyu ta yanke wuta. In kaya ya yi yawa, wani ɗan ƙarfe a cikinsa yana ɗumi ya lanƙwashe ya saki makunni. In kuma waya ta haɗu da waya, maganaɗisu ne ke fizge shi nan take. Ya fi fis na waya saurin ji, in ya faɗi kuma ɗaga shi kawai ake yi, ba a neman filaya ba a sa yatsa kusa da wuta. Babbar falalarsa a gida irin namu ita ce ba a iya ƙara masa kauri da guntuwar waya.

Amma da a nan amfanin sabon akwati ya tsaya, da ban matsa wa Yaya ba. Fis da bireka duka waya suke gadi, kada ta yi zafi gida ya kama. Ba ruwansu da jikin mutum. Wutar da za ta iya hargitsa bugun zuciya ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na amp ɗaya ba. Mutum zai iya maƙale a jikin firji har rai ya yi halinsa, fis na amp 30 bai ko ji ɗumi ba, domin a wurinsa abin da ke bi ta jikin mutumin bai kai na ƙaramin ƙwan fitila ba.

Mun san wannan a aikace, sai dai mun saba. Gida nawa ne ake cewa firjin yana ɗan ja, a sa takalmi kafin a buɗe? Gida nawa ne aka ajiye katako a gaban injin markaɗe ko injin ruwa don a taka? Yara nawa ne ke tsoma yatsa a bokiti don su ji ko ruwa ya yi zafi alhali hita na ciki, ƙafarsu ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti? Duk unguwa tana da labarin wanda wuta ta ja a banɗaki ko a bakin famfo, a yi ta'aziyya, a ce kwana ne ya ƙare. Kwana yana ƙarewa, gaskiya ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi.

Na'urar da ke maganin wannan ita ce mai gane yoyon wuta, wadda masu sana'a ke kira RCD, wasu su ce ELCB. Aikinta awo ne: tana gwada wutar da ta fita ta waya mai rai da wadda ta dawo ta ɗaya wayar. In sun yi daidai, shiru. In an sami gibi, to wutar ta bi wata hanya ke nan, ta jikin bango mai laima ko ta jikin mutum, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Ta gida ana saita ta a miliamp 30, wato kashi ɗaya cikin dubu na abin da fis ɗin soket ke ɗauka. A nahiyarmu ma aka fara gyara ta ta zama abin dogaro: wani injiniya, Henri Rubin, ya ƙera mai saurin ji a Afirka ta Kudu a tsakiyar shekarun 1950 saboda ma'aikatan haƙar zinariya, gidajen garin ma'adinai na Stilfontein suna cikin na farko da aka sa wa. A Ingila, tun 2008 ƙa'ida ta wajabta ta a kan kusan duk soket na gida in ana sabon aiki. Wannan na'ura ita ce hujjata. Tsohon akwatin tangaran ba shi da gurbinta.

Sabo ma yana cin gida

Sai dai mai gyaran wutar da muka kira, dattijo da ya koyi aiki tun zamanin NEPA, shi ya rage mini zumuɗi. Bai yarda ya faɗi kuɗin sabon akwati ba sai da ya auna wayoyin gidan. Ya ce ya sha ganin an kafa akwati mai sheƙi a kan ruɓaɓɓen wayarin, mai gida ya biya ya kwanta da murna, alhali ba abin da ya sauya sai murfi.

Tarkon farko jabu ne. Kasuwa cike take da bireka masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, wasu in aka fasa su ba komai ciki sai makunni, ba ƙarfen da ke lanƙwashewa ba maganaɗisu. Irin wannan ya fi fis mai kaurin waya haɗari, domin shi fis ko ba komai ana ganin abin da aka ɗaura masa. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki tana kama irin waɗannan kaya tana lalatawa, amma ba ta tsaye a kan kowane teburi. Araha ba ta ado, a kayan wuta kuwa har rai take ci. A saya wurin dila sananne, a karɓi rasit, a kuma ɗaga a ji nauyi a hannu.

Tarko na biyu daga mu masu gida yake fitowa. Bireka ya faɗi sau biyu, sai a kira yaro a ce wannan abin yana damunmu. Shi kuma don a daina kiransa sai ya cire na amp 20 ya sa na 63 a kan waya 2.5. An koma gidan jiya ke nan, an ɗaura kaurin waya da sabon salo. Lambar bireka kaurin wayar da ke bayansa take bi, ba yawan kayan da mai gida ke son kunnawa ba. In yana yawan faɗuwa, layi ne ke neman a raba shi.

Haka na'urar gane yoyo. In aka sa ta a gidan da rigar wayoyinsa ta tsufa, ko aka cakuɗa wayoyin dawowa na layuka daban-daban, ko laima ta shiga wani soket na waje, za ta yi ta faɗuwa. Gaskiya take faɗi, gidan yana yoyo. Amma abin da aka fi yi shi ne a tsallake ta da guntuwar waya a bar ta a wurin don ado, gyaran gangar Auzinawa. Shi ya sa awo yake gaba da saye. Akwai na'urar da ake kira mega, tana tura bolt 500 cikin layin da aka kashe ta faɗi ko rigar wayar tana riƙewa. Mai gyaran da ba shi da ita, ba ya kuma iya aro, testa kawai yake da shi a aljihu, bai isa ya yanke hukunci a kan tsohon gida ba.

Sai wayar ƙasa, wadda ake haɗawa da sandar ƙarfe da aka kafa a cikin ƙasa. A tsofaffin gidaje da yawa ta tsinke, ko tsatsa ta cinye sandar, ko tun asali ramin soket na uku ba a haɗa shi da komai ba. In tana nan lafiya, ranar da firji ya fara yoyo wutar za ta bi ta, na'urar ta yanke tun kafin wani ya taɓa. In babu, sai jikin mutum ya zama hanyar. Ƙasarmu kuma tana bushewa ƙayau da rani, sandar da ta yi kyau a watan Agusta ba lallai ta yi a watan Maris ba.

Ƙasashen da suka riga mu ma sun ƙone hannu. A Amurka an kafa bireka na kamfanin Federal Pacific a gidaje masu ɗimbin yawa daga shekarun 1950 zuwa na 1980, daga baya gwaje-gwaje suka nuna da yawansu ba sa faɗuwa lokacin da ya kamata, har yau ana ta cire su. A Ingila kuma, bayan gobarar da ta riƙa tashi daga cikin akwatunan roba saboda sukurun da ba a ɗaure da kyau ba, sai aka wajabta daga Janairun 2016 cewa akwatin gida ya zama na abin da ba ya kamawa da wuta, galibi ƙarfe. Akwatin Baba na ƙarfe ne. Da na roba ne mai araha, ƙila da ƙaurin da Hajiya ta ji ya zo da harshen wuta.

Gida ɗaya, wuta uku

Akwai abin da ya sa allon gidan Bahaushe ya fi na Bature rikitarwa. Shi wuta ɗaya ke shigo masa. Mu ga ta NEPA, ga janareta, ga sola da inbata da suka yawaita musamman tun duhun da Arewa ta sha a watan Oktoban 2024. Wani gidan ma layi uku ne suka shigo, in wannan ya mutu sai a aiki yaro ya zare kat-awut ya cusa a wancan, sau da yawa kaya na kunne, tartsatsi na tashi. Bakin kat-awut ɗin yana saki a hankali, yana zafi, yana baƙi. Wannan aiki na makunnin canza layi ne mai murfi da hannu, ba na yatsun yaro ba.

Janareta kuma in aka cusa shi ta soket ba tare da makunnin da ke raba gida da layin waje ba, wutarsa tana komawa kan turke, ta sami ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layi a mace yake. Duk wanda zai sauya akwati ya sa wannan a cikin aikin, a kuma gwada na'urar gane yoyo a kan kowace wuta daban, domin wadda ta yi aiki da ta NEPA ba lallai ta yi da ta ƙaramin janareta ba sai an haɗa shi yadda ya dace.

A kuma san iyakar abin da aka saya. Ranar da wayar dawowa ta tsinke a taransifoma, wuta ta shigo da ƙarfin da ya doshi bolt 400 ta ƙone talabijin da firjin rabin layi, fis da bireka ba su hana ba, don su yawan abin da ake ja suke aunawa. Wannan aiki na wata ƙaramar na'ura ne daban mai yanke wuta in ƙarfinta ya haura ko ya faɗi, tana kuma shiga sabon akwati ta zauna kusa da sauran.

Wa zai biya?

Tun 2015 akwai hukumar NEMSA da doka ta ɗora wa duba aikin wuta da ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Mai gida yana da haƙƙin ya tambayi wanda zai taɓa masa allo ya nuna tasa. Amma abin da ya fi hana gyara a unguwanninmu ba doka ba ce. Ɗan haya yana cewa gidan ba nasa ba ne, mai gida yana cewa ba shi ke kunna hita ba. Gidan gado kuwa na kowa ne wajen kwana, ba na kowa ba ne wajen kashe kuɗi. A ganina nauyin yana kan mai gida, domin allon jikin gini ne kamar rufi, kuma wanda ke karɓar kuɗin haya amanar rayukan da ke ciki tana wuyansa. Kuɗin akwati mai kyau da aikinsa, in ba a kai ga sake wayarin ba, sau da yawa bai kai na sabon firji ba. Firjin muna saya ba tare da taron dangi ba.

Mu dai taron muka yi, a ɗakin Hajiya, bayan sallar isha'i. Dattijon ya kawo sakamakon awonsa: layin fitilu biyu na Baba lafiyarsu ƙalau, Yaya ya yi murmushi. Layin soket ya gasu tun daga zaure har tsakar gida, wanda aka ja zuwa sababbin ɗakuna kuma siririya ce da haɗi huɗu a cikin silin. Sandar ƙasa da aka tono, tsatsa ta raba ta biyu. Aka bar wayoyin fitilun yadda suke, aka sake sauran, aka ja wa injin ruwa da firjin ƙanƙara layinsu daban. Aka cire katakon, aka kafa akwatin ƙarfe mai bireka takwas da na'urar gane yoyo, aka kafa sabuwar sanda kusa da rariya inda ƙasa ba ta bushewa. A ƙarƙashin kowane bireka ɗan yayana ya rubuta sunan wurinsa da Hausa: zaure, ɗakin Hajiya, kicin, injin ruwa. Shi aka ba aikin danna maɓallin gwaji duk wata shida, yanzu kuma yana bin dattijon wurin aiki ranar Asabar. Fis huɗun na tangaran Yaya ya wanke su ya ajiye a cikin akwatin takardun Baba.

Da ruwan farko ya sauka, cikin dare, na'urar ta faɗi. Aka ɗaga, ta sake faɗuwa. Da gari ya waye dattijon ya zo ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ya tarar ɓera ya gwaguye wayar injin ruwa a bayan tanki, jan ƙarfen yana kwance cikin ruwan da ya taru, taku biyu daga inda yaran gidan ke wanke-wanke.